Loma daga Hannun Abba

Duk abin da muka ci, muka sha, muka ɗaura a gidanmu, jatan lande ne ya saya mana. Da shi Abba ya gina bene a Bagerhat, da shi ya aurar da ni, da shi ya je Makka ya dawo mutane suka daina ce masa Sobhan mai kududdufi suka koma Haji Saheb. In ka tsaya a bakin gonakin ruwansa, sai idonka ya gaji bai kai ƙarshensu ba. To da Allah ya tashi ba shi jika ta wajena, sai ya ba shi Tuli, yarinyar da ɗigon romon jatan lande zai iya aikawa lahira.

Tana 'yar shekara biyu muka gane, a gidanmu na Dhaka. Na cuɗa mata shinkafa da ɗan romo, kafin in gama wanke hannu leɓenta ya kumbura, numfashinta ya koma fito. Likita ya ce wannan ba borin jinin da ake shafa wa hoda ba ne. Maƙogwaronta ne ke rufewa, kuma kowane karo yana iya fin na baya muni. Tun daga ranar nake yawo da allurar gaggawa guda biyu a jakata, masu kama da biro, waɗanda ake cakawa a cinya. Mijina Mahbub ne ke aiko su daga Singafo inda yake aiki. Ina iya mantawa da waya, ina iya mantawa da makullin gida, amma ban da su.

Abba bai taɓa yarda ba. Bai ce ƙarya nake yi ba, shi dai yana da nasa bayanin, kuma ya riƙe shi gam.

"Na kasuwar Dhaka kika ba ta," haka yake cewa duk Sallah. "Wanda 'yan damfara ke ɗura wa ruwan sitaci da sirinji don ya yi nauyi a sikeli. Wannan ko ni na ci sai na kumbura. Nawa fa? Ni na zuba irin, a gabana ya girma. Jinina ne a jikinta, Dilruba. Yaushe abin da ya gina ni zai kashe jinina?"

A gidanmu ba a ce wa yaro ina son ka, loma ake ba shi. Duk ranar da aka taru, Abba zai zauna a tsakiya, ya naɗe hannun riga, ya zaɓi jatan landen da ya fi kowane girma, ya fasa kansa da babban yatsa, ya matse jan kitsen nan a kan shinkafa mai zafi, ya cuɗa, ya dunƙula. Jikoki su yi layi, kowa ya wangale baki, shi kuma ya sa masa da hannunsa yana kiran sunan tsokanar da ya laƙaba masa. Ni ma da wannan lomar na tashi. Tuli kuwa shekara biyar tana kallon layin daga kan cinyata, da farantinta daban da cokalinta daban. Ko sumbatarta ba na bari ya yi sai ya wanke baki da hannu. Na san abin yana ci masa rai, kuma na san ita ma yana ci mata, don tana son Nanabhai, kamar yadda take kiran kakan nata.

Da Abba ya cika saba'in, yayana Bhaiya Kamrul ya ce a yi masa abin da ba a taɓa yi ba, a kwashi iyali duka a shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa daga Khulna zuwa cikin dajin Sundarban, kwana uku a kan ruwa. Na ce ban da mu. Wurin da babu asibiti, babu mota, ko waya ba ta kamawa, me zai kai ni can da Tuli?

Ammajan, mahaifiyata, ta kira ni a daren da na faɗi haka da kuma washegari da safe. "Uban naki zai sake yin wata saba'in ɗin ne? Kowa da 'ya'yansa a hoto, ke kuma a ce kina ina? Wace amsa zan ba mutane?"

Tuli ma ta sa ni gaba da kuka, wai tana son ganin damisa. Mahbub bai samu hutu ba, ya ce in yi abin da na ga ya dace. A ƙarshe na sa aka ba Abba waya, na ce ya yi mini alkawari da bakinsa cewa ba wanda zai ba ta komai sai ni.

"Na ji, likita," ya ce yana dariya. "Na ji, na ji."

Na isa bakin ruwa a Khulna da tukunyata, da ludayina, da wuƙa, da katakon yanka, da kwalbar mai da ba a taɓa buɗewa ba. Matar yayana, Bhabi Shefali, ta leƙa buhun ta kama haɓa.

"Dilruba, wani auren za ki sake ne kika kwaso kayan ɗaki? Ina gado da katifa?"

Kowa ya yi dariya, har da ni, don na saba. A bayanta ma'aikatan Abba na ta hawa da akwatunan ƙanƙara a kai, cike da jatan landen gonarsa. Ya ce ba zai ci na jirgi ba, shi ma bai yarda da na kowa ba.

Kicin ɗin jirgin yana can ƙasa kusa da inji, zafi kamar gidan burodi. Kukun, wani mai suna Mofiz, ba shi da mugunta, amma hannunsa ya riga ya saba. Ko ganye zai dafa, ko kabewa, sai ya damƙo ƙananan jatan lande ya watsa a ciki. Na nuna masa, ya ce, "Apa," wato yaya, "wannan ai ba nama ba ne, ɗanɗano ne kawai." Ludayinsa ɗaya ke zagaya tukwane duka. Don haka duk lokacin abinci ina can ƙasa, a kan ɗan murhun da ya ware mini, ina dafa wa Tuli nata, ina gadin murfin tukunyata kamar mai gadin banki. Mutane a sama sun ga barewa, sun ga birai, sun ga kada kwance a laka. Ni abin da na fi gani a Sundarban shi ne ƙeyar Mofiz.

Rana ta biyu muka kai can ƙurya, inda kogin ya buɗe har ana jin ƙanshin teku. Tun jiya wayoyi suka mutu, ba a yin komai da su sai hoto. Da azahar ta kusa na kai Tuli wurin Ammajan a saman jirgi, inda aka jera teburan cin abinci a ƙarƙashin rumfa.

"Ki riƙe mini ita in sauka in ɗauko nata. Kada ta taɓa komai a teburin nan, ko burodi."

"Ni na haife ki," in ji Ammajan, "ke za ki koya mini riƙon yaro? Je ki."

Na sauka. Shinkafar ba ta gama tsotsewa ba, na tsaya jiranta. Wani yaron kicin ya zo zai ɗora soyayyen kifi kusa da tukunyata, na daka masa tsawa har Mofiz ya juyo. Na zuba mata dal, wato miyar wake, da dafaffen ƙwai, na rufe da wani farantin, na kama matakala. Ina tsakiyar hawa na ji tafi da shewa daga sama. Na ce a raina to, an ga damisa, ni kaɗai ce zan koma gida ban gani ba.

Ba damisa ba ce. Abba ne zaune a tsakiya da hannun riga a naɗe, 'yan biyun Bhaiya a gefe suna tauna, Tuli kuma tsaye a gabansa, jan mai yana ƙyalli a leɓenta. Bhabi ta ɗaga waya tana ɗauka. Bhaiya yana tafi. Baƙin da ke sauran teburan ma suna tafi, don an gaya musu yau ce rana ta farko da ta karɓi lomar kakanta. Ammajan tana share ƙwalla da bakin mayafi, ƙwallar daɗi.

Tuli ta hango ni, ta ɗaga hannu biyu sama. Ban taɓa ganin fuskarta da irin wannan haske ba.

"Ammu! Na ci! Nanabhai ya ba ni, na cinye duka! Ya ce ni ce sarauniyar kududdufi!"

Farantin ya suɓuce daga hannuna. Na ji ƙararsa kamar daga wani jirgin daban.

"Kin gani?" in ji Abba, yana lashe yatsa. "Ga ta nan garau. Na gaya miki nawa daban ne. Shekara biyar kin hana yarinya abincin gidan ubanta a banza."

Na durƙusa na goge mata baki da gefen zanena na sari, na buɗe jaka. Fuskarta kawai nake kallo. Ta yi ɗan tari. Ta sosa wuya. Ta ce harshenta yana yi mata ƙaiƙayi, ta sake yin tari, wannan karon mai kaushi, kuma na ga jajayen tabo suna fitowa daga ƙasan kunnenta.

"Ƙaya ce ta tsaya mata," in ji Bhaiya. "A ba ta lomar shinkafa busasshiya ta haɗiye."

"A'a, yaji ne," in ji Ammajan. "Ku kawo ruwa da lemon tsami."

Leɓen ya fara tashi. Na cire murfin allurar, na ja wandonta, na ɗaga hannu. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Abba ne, da hannun nan mai maiƙo.

"Tsaya. Tsoro kike ba ta. Da lafiyarta ƙalau sai da kika zo kina zare ido. Tsoronki ne ke shaƙe ta, ba abincina ba. Ki bar ta ta..."

Tuli ta ja numfashi, na ji fiton nan da na sani.

"Sake ni, tsohon banza!"

Na ture shi da dukan ƙarfina. Ya yi baya, ya ci karo da kujera, ya zube ƙasa, farar hularsa ta gangara ƙarƙashin tebur. Na caka mata allurar a cinya na danne. Ta yi ƙara, ƙarar da ta fi mini kowace waƙa daɗi, don mai ƙara yana da iska. Da na ɗago kai, Bhaiya da Bhabi da Ammajan duk suna kan Abba, wannan na ɗaga shi, wannan na kakkaɓe masa riga. Wata baƙuwa daga wani tebur ce ta zo ta riƙe mini kan Tuli.

Shugaban tafiyar ya yi ta kira da oba-oba har ya samu masu gadin daji, suka turo ƙaramin jirgi mai inji. Babban jirgin ba zai iya juyawa ba, ruwa ya janye, kuma akwai sauran fasinjoji. Aka sauke mu, ni da Tuli, Bhaiya ya biyo mu don kada a ce ba namiji. Rana tana dukan mu, ba abin da ake gani sai laka da saiwoyi dama da hagu. Tuli tana kwance a jikina, idanunta sun kumbura sun rufe. Can a tsakiyar hanya fiton ya dawo, leɓenta ya soma yin shuɗi, na caka mata ta biyun. Daga nan ba ni da sauran komai a jaka. Na kifa kunnena a ƙirjinta ina ƙirga numfashi ina roƙon Allah abin da ban taɓa roƙonsa da irin wannan murya ba.

Bhaiya ya matso kusa don in ji shi a kan ƙarar inji.

"Amma dai, Dilruba, bai kamata ki ture shi ba."

Da na buɗe baki a lokacin, da ɗayanmu ya kwana a cikin kogin.

Mun kai asibiti a Mongla tana da rai. Suka sa mata abin numfashi, suka ɗaura ruwa, likitar ta kalli allurai biyun da na miƙa mata babu komai ciki, ta ce da babu su da ba wannan maganar ake yi ba. Bhaiya yana tsaye ya ji da kunnensa. Ya gyaɗa kai, ya fita neman shayi.

Sauran suka iso washegari da la'asar, bayan jirgi ya gama zagayensa. Ammajan ce ta fara shigowa. Ta shafa kan Tuli da ke barci, ta yi hamdala, sannan ta ja ni baranda.

"Tun jiya ubanki bai sa komai a bakinsa ba."

"Ita ma haka."

"Kada ki yi mini rashin kunya. A gaban ma'aikatan jirgi, a gaban baƙi, kika kira shi da sunan da ko maƙiyinsa bai taɓa kiransa ba. Hularsa a ƙasa! Mutumin da ya je ɗakin Allah. Yana waje a mota. Ki je ki taɓa ƙafarsa ki nemi gafara, a rufe maganar nan kafin ta kai Bagerhat."

"Ammajan, a hannunki na bar ta."

Ta kawar da kai. "Ita ta roƙa. Tana ganin 'yan'uwanta a layi ta je ta tsaya a baya, ta buɗe baki. Ke da kin ga fuskarta, da kin hana? Loma ɗaya ce fa. Don so ya yi."

"Na sani. Son ne ya kusa kashe ta."

"To ta mutu ne? Ba ga ta nan ba?"

Na tsaya ina kallon matar da ta haife ni. Ba na jin na taɓa jin ɗaci irin na wannan lokacin, har a harshena nake jin sa. Na ce ba inda za ni. Ta ce to shi zai shigo, tunda ya fi ni hankali.

Ya shigo a hankali, yana ɗingisa ƙafar da ya bugu. A kwana ɗaya ya tsufa. Bai kalle ni ba, ya wuce bakin gadon, ya nuna mini tafin hannunsa biyu ba tare da ya juyo ba, wato ya wanke. Tuli ta farka. Fuskarta ba ta gama saɓewa ba, muryarta a dishe. Tana ganinsa ta fara kuka.

"Nanabhai, ka yi haƙuri. Na yi ƙoƙari. Na haɗiye duka, wallahi, shi ne ya ƙi zama."

Ya zauna ya rungume ta, kafaɗunsa suna rawa. Kuka yake yi na gaske, irin wanda ban gani ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Zuciyata ta ɗan yi sanyi. Na ce a raina to, ya gani da idonsa, ya gane. Har na fara tunanin in ya fita zan bi shi in taɓa ƙafar, don kalmar da na faɗa ba ƙarama ba ce.

Ya share ido da gefen rigarsa, ya riƙe fuskarta da hannu biyu.

"Ba laifinki ba ne, sarauniyar kududdufi. Laifina ne. Na yi gaggawa, na ba ki babbar loma, cikinki bai saba ba. Na farko ne mai wuya, kuma kin wuce shi, ga ki nan da ranki. In Sallah ta zo za mu fara da kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa. Kaɗan-kaɗan har jikinki ya gane na gida ne. Kin yarda?"

Tuli ta saci kallona, ta mayar da ido gare shi. Ta gyaɗa kai, tana murmushi da kumburarren leɓe.

Ban yi ihu ba wannan karon. Na jira aka sallame mu, na ɗauki 'yata muka hau motar Dhaka. A tasha direban Abba ya biyo mu da akwatin ƙanƙara, irin wanda ake ba kowace 'ya in za ta koma gidan miji. Na bar shi nan a kan dakali.

Sallah uku ke nan ba mu je Bagerhat ba. A can labarin ya riga ya zauna: Dilruba ta zagi ubanta, ta ture shi ƙasa, ta raba shi da jikarsa, ga tsoho yana ta ramewa. Ammajan ba ta ɗaga wayata. Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da ba na iya ɗauka yana cikin gidana. Duk ranar da aka fara haramar Sallah, Tuli takan daina yi mini magana. Na zaunar da ita, na gaya mata abin da likita ya ce, na nuna mata tabon allura a cinyarta. Ta ce ta sani. Ta ce amma Nanabhai ya ce kaɗan-kaɗan.

Bhabi ta tura hoton bidiyon nan ga dangi duka, ya iso har wayar Mahbub, daga nan Tuli ta same shi. An yanke shi daidai inda ya kamata. Abba yana fasa kan jatan lande, yana cuɗawa, Tuli ta buɗe baki, loma ta shiga, tafi ya tashi, ta ɗaga hannu biyu sama. Shi ke nan. Babu tari, babu allura, babu ni.

Jiya na same ta a ɗaki tana kallonsa, ta rage murya don kada in ji. Da ta gan ni ba ta ɓoye ba. Ta juyo mini da wayar.

"Dubi, Ammu. Dubi yadda kowa ke murna kafin ki zo."